Tsaga Uku a Gefen Goshi

Zariya, ranar Lahadi

Zuwa ga Inna Lantana mai waina, Magama, bakin iyaka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya gwiwar taki? Ya kuma zaman ɗar-ɗar da muke ta jin labari? Allah ya kawo mana ƙarshensa. Ni dai lafiyata ƙalau, ko kuma in ce haka nake zato kafin makon jiya.

Na neme ki a waya har na gaji, sai aka ce mini an katse layukan Jibiya gaba ɗaya saboda 'yan bindiga. Shi ya sa na koma takarda. Mu'azu direba zai kawo miki in ya sauke kaya ya juya.

Inna, mun gama karatun aji a makarantar koyon tuƙin jirgi. Saura mu fara tashi. Amma ba wanda ake bari ya taɓa jirgi sai likitan matuƙa ya duba shi ya sa hannu. Tamu mace ce, Likita Rahama, Bahaushiya ce, ba ta da faɗa amma ba abin da ke wuce ta. Ta ga tabon cikina, na ba ta labarin aikin da aka yi mini a Maraɗi lokacin da taifot ta huda mini hanji. Ta tambayi asmar da na yi ina yaro, ta sa na hura wani bututu har kaina ya yi nauyi, ta ce ta wuce. Hannun da na karya a babur ma ta murɗa shi ta ce ya ɗinke da kyau. Har ta ɗauki biro, wallahi Inna har ta ɗauki biro, sai ta ce in juya kaina.

Kin san abin haushin? Ana gobe gwajin na je aka yi mini aski ƙwal don in fito fes. Da sumata na nan da ba ta gani ba. Ta sa yatsa a gefen goshina na hagu inda 'yan tsagar nan uku suke, ta duba na dama, ta ce, "Wannan ba tsagar gado ba ce, ta magani ce. Irin wadda wanzamai ke yi wa yaro in ya shiɗe. Ka taɓa shiɗewa?" Na ce ban sani ba. Ni duk rayuwata na ɗauka ta gidanmu ce. Ta ajiye biron.

Ta ce sai ta ji daga bakin wanda ya raine ni. Tana son sanin me ya same ni, ina shekara nawa, da kuma ko da wani ciwo a jikina a lokacin. Ke aka kai wa ni yaye, a hannunki na girma har na shiga aji uku, Baba kuma ya rasu. Ba ni da wanda zan tambaya sai ke.

Ƙarshen watan gobe 'yan ajinmu za su fara tashi. Wanda ba shi da takardar likita a ranar, an ba wani gurbinsa, kuma shekaruna ba za su bari in sake nema ba. Kin san tun yaushe nake bin abin nan. Bakinki kaɗai zai fitar da ni. Lambar likitar na ƙasan takardar, amma ki fara rubuto mini tukuna.

Ki gaishe da mutanen bakin iyaka.

Ɗanki,
Zunnuraini

*

Zariya, ranar Juma'a

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, don shirun ya fara ba ni tsoro. Na je tasha ya fi a ƙirga, ba Mu'azu ba labarinsa. Wani ya ce sojoji sun tsare manyan motoci a hanya, wani ya ce a'a, injinsa ne ya buga. Wannan zan ba wata mata mai sayar da atamfa da ta ce ta san rumfarki.

An auna wa abokaina kayan tashi jiya. Ni aka tsallake sunana. Ba wanda ya ce mini komai, sai dai kowa ya riƙa yi mini magana a hankali kamar mai jinya. Abinci ma ba ya wuce mini.

Don Allah ko layi biyu ne ki aiko.

Zunnuraini

*

Magama, ranar Talata

Zuwa ga ɗana Zunnu, mai jirgin sama in Allah ya yarda.

Wa alaikumus salam. Ina lafiya lau, gwiwa ce dai ta ƙi ni ta ƙi mutuwa. Kasuwa babu, an hana babura, an hana sayar da mai a jarka, masu cin wainar tawa sun watse sai 'yan kwastan, su kuma ɗanɗanonsu ya fi sayensu yawa. Takardunka biyu rana ɗaya suka ishe ni, ta farkon tana warin albasa. Ka yi haƙuri da rubutuna, na makarantar matan aure ne.

Kai kuma mi ya kai ka aski? Tun kana yaro ba ka son wanzami, sai ranar da bai kamata ba ka kai kanka!

To ka kwantar da hankalinka, na gama maka aikin. Da na karanta ban ko wanke tanda ba na ɗauki mayafi. Ka san yanzu duk mai son waya sai ya tsallaka wajen Ɗan Isa, akwai wani tudu da mutane ke hawa suna kama layin Nijar. A ƙasa na taka, da gwiwar nan, 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, na yi mini dariya wai Lantana za ta Makka ba jaka. Na ishe Alhaji Maharazu mai wake, na Maraɗi, ya ara mini wayarsa. Na kira ka, ba ta shiga. Mutane na layi a bayana, Alhaji na kallon rana. Na ce ba zan koma hannu biyu ba, na ba shi lambar likitar taka ya danna.

Yarinya ce mai ladabi, ta gaishe ni har da Mama. Amma tana fara tambaya na gane inda ta dosa. Ni da aka zo wa binciken aure a kan 'ya'yan dangi sau ba adadi? Haka suke farawa, da murmushi, "ko akwai wani ɗan ciwo a gidan?" So take ta ji an ce farfaɗiya, ta liƙa maka, ta liƙa wa ƙannenka mata da ba su yi aure ba. Na ce a raina, yarinya, ba ki san da wa kike magana ba.

Ta ce, "Mama, mi ya same shi aka yi mishi tsaga?" Na ce iska ce ta buge shi a bakin gulbi da tsakar rana, ba ciwon jikinsa ba ne, aka yi tsaga aka yi rubutu ya wuce. Ta ce, "Yana da shekara nawa?" Na ce ai ya yi wayo, ya kai bakwai, tunda har yana zuwa gulbi da ƙafarsa. Ta ce, "Yana zazzaɓi a lokacin? Ki tuna da kyau, Mama." Na ce wane zazzaɓi! Garau yake, ya ci tuwonsa ya ƙoshi, yana tsaye kawai ya faɗi. Ta sake tambaya, na sake rantse mata ko ɗumi jikinka bai yi ba. Na ce mu gidanmu kaf ba mai ciwo.

Ina jin ƙarar biro. Ta ce ta gode. Ka ga ke nan na wanke ka tas, ba ta samu ko ƙwayar abin kamawa ba. Ka je ka karɓi takardarka. In ka fara tashi ka biyo ta saman Magama ka rage gudu, zan fito da tanda in ɗaga maka.

Innarka,
Lantana

*

Zariya, ranar Asabar

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da gwiwa. Na san wahalar da kika sha a hanyar nan, Allah ya biya ki. Amma Inna, kin kashe ni. 

Tun kafin takardarki ta iso likita ta kira ni ofis. Ta sa na zauna, ta ba ni ruwa, a nan na san ba lafiya. Ta yi mini bayanin abin da ta ƙi faɗa tun farko don kar in shirya wa kowa amsa. Ta ce ƙaramin yaro da bai kai shekara biyar ba, in zazzaɓi ya yi masa zafi ya shiɗe, wannan ba komai ba ne, yara da yawa suna yi su wuce shi, ba ya hana mutum tuƙa jirgi. Wanda suke tsoro shi ne yaron da ya yi wayo, yana garau, ba zazzaɓi ba komai, ya faɗi haka kawai. Wannan shi ne alamar farfaɗiya a wurinsu, don yana iya dawowa ko bayan shekara ashirin, mutum na sama da rayukan jama'a a bayansa. Su ba su san iska ba, Inna. Abin da ta rubuta shi ne: shekara bakwai, ba zazzaɓi, ya faɗi. Duk abin da kika faɗa don ki kare ni shi ne ainihin wanda ba a so a ji.

Na ce miki ki fara rubuto mini! Yana nan a takardar, ki duba. Ba aure nake nema ba, ba wanda ya zo binciken gidanmu. Na fita daga ofishin na rasa inda zan sa kaina, na zauna a bayan rumfar jirage ina jin suna tashi ɗaya bayan ɗaya, na yi kuka kamar ba namiji ba.

Ki gafarce ni, ba rashin kunya nake miki ba. Kuma ba ina roƙon ki canza magana don ta yi mini daɗi ba ne. In abin da kika faɗa shi ne gaskiya, to likita ta yi daidai, ni ma ba zan so in ɗauki 'ya'yan mutane in faɗi da su ba. Zan naɗe tabarmata in dawo. Amma zuciyata ba ta yarda ba. Ina shekara bakwai na san komai. Na tuna ranar da akuyar maƙwabciyarki Hajiya ta cinye miki ƙullu, na tuna dukan da na sha a kan zuwa wanka a dam. Yaya za a ce wanzami ya tsaga mini goshi ban tuna ba?

Ki faɗa mini abin da ya faru yadda ya faru. Ko mene ne. Lokaci na tafiya, kuma kowace takarda sai ta kwana a hanya.

Zunnuraini

*

Magama, ranar Alhamis

Zunnu,

Wa alaikumus salam. Lafiya dai ta jiki. Tunda Mu'azu ya miƙo mini takardarka ban kunna wuta ba. Innalillahi. Na taka har Nijar da ƙafata don in yanka ɗana. Faɗan da ka yi mini bai kai wanda na yi wa kaina ba, ka ƙara ma in kana da saura.

Zuciyarka ta faɗa maka gaskiya. Ba gulbi, ba iska. Baƙon dauro ne.

Ba ka daɗe da zuwa yaye ba, ba ka cika uku ba, magana ma rabi-rabi kake yi. Shekarar ya shigo Magama gida-gida. Ya kama ka, ya kama ɗiyata Hajo. Ba ka san ta ba, don ba na maganarta, kuma na hana kowa yi a gabana. Ta girme ka da kaɗan, ita ke riƙe maka hannu in za ku ƙofar gida. Tabarma ɗaya na shimfiɗa muku. Jikinka ya yi zafin da in na taɓa ka sai in janye hannu, ƙurajen sun ƙi fitowa. Ana cikin haka ka sandare, idanu suka juye, kana taune-taune. Aka ruga aka kira Maɗugu wanzami, Allah ya jiƙansa, ya yi maka tsagar nan. Ka farfaɗo, ƙuraje suka feso, ka tashi. Ita Hajo ba ta shiɗe ba, ba a yi mata tsaga ba, ta tafi shiru-shiru kafin Juma'a ta zagayo.

Sau ɗaya ne, daga shi ba ka ƙara ba har ka bar hannuna. Wannan ko a gaban Alƙur'ani zan faɗa.

Da likitarka ta ce "ki tuna da kyau, Mama," na tuna ai. Tsaye nake a kan tudu, maza cike a bayana suna jira, kowa kunnensa a buɗe. In ce ɗan gidanmu ya yi taune-taune, kafin la'asar labari ya kai garinku Bugaje an ce jikokin gidanmu na da farfaɗiya. Kuma in buɗe shekarar nan a gaban 'yan wake? Bakina ya ɗauko gulbi, na bi shi.

Na sake komawa tudun shekaranjiya. Jandarman Nijar sun kore mu, wai an hana taruwa. Gwiwar ta kumbura har ba ta lanƙwasuwa, a amalanke aka maido ni. Ka kai mata takardar nan ta karanta da idonta. Ka ce mata tsohuwar banza ce ta yi mata ƙarya, yaron ba ruwansa.

Lantana

*

Zariya, ranar Litinin

Inna,

Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan Hajo, ya sa mai ceto ce. Ban san na taɓa samun yaya a ɗakinki ba. Na karanta wurin nan na kasa ci gaba sai da na fita na dawo. Ki yafe mini maganganun da na rubuta, kuma don Allah kar ki sake taka gwiwar nan saboda ni.

Na kai wa likita takardar. Ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau. Sannan ta ce ita a zuciyarta ta yarda da ke. Amma yanzu labari biyu ne a gabanta daga baki ɗaya, na biyun kuma ya zo ne bayan na san amsar da ake so. In ta sa hannu a kan haka, na sama da ita za su tambaye ta, kuma suna da gaskiya. Tana son wani dabam da ya ga abin da idonsa, ya zo ya zauna a gabanta. Ta ce, "Mahaifiyarka fa, tana raye?"

Na ce tana raye, tana Bugaje. Na ce amma ni ɗan fari ne. Ta gane, ta ce kakarta ma haka ta yi da babanta har ta mutu. Sai dai ta ce ba ta da wata hanya.

Inna, kin fi ni sanin Umma. Tunda nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In na je gaishe ta bango take kallo, ta ce wa ƙanwata Bilki, "ki ba yaron nan ruwa." Ranar da aka yi mini aiki a Maraɗi ma an ce a bakin ƙofar asibiti ta tsaya. Ita ce za ta hau mota zuwa Zariya ta zauna gaban baƙuwa tana ba da labarina? Kuma ma ina ta ga abin, tunda ina hannunki? Ban ma san me ya sa nake rubuta miki wannan ba. Ba na son ki je ki matsa mata ta ji kunya a banza.

Ranar Alhamis ta sama za a tura ni Kano gwajin ƙwaƙwalwa, za su manna mini wayoyi a kai. Likita ta ce ko ya fito da kyau, shi kaɗai ba zai goge abin da aka rubuta ba. Litinin ɗin da ke biye za a rufe sunaye. Na riga na haɗa littattafaina a kwali. Ki tambayar mini Mu'azu ko yana neman yaron mota, da gaske nake.

Ki yi mini addu'a, ni tawa ta ƙare.

Zunnuraini

*

Magama, ranar Asabar

Zuwa ga ɗana Zunnuraini.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, mun dawo lafiya. Eh, mun dawo na ce. Ka zauna ka karanta a hankali, kar ka tsallake zuwa ƙarshe yadda ka saba.

Ka ce kar in je Bugaje. Yaushe na fara jin maganarka? Na ishe uwarka Salmatu a bayan gida tana sussukar gero. Na karanta mata takardarka tun daga sama. Ba ta tsaya da aiki ba. Da na gama ta ce, "Ni mi zan ce a kan yaron mutane? Ɗanki ne, ke aka ba." Na ce Salmatu, yau ba ranar wannan ba ce. Ta yi ta dukan gero kamar shi ya yi mata laifi. Can ta ce, ba ta ko kalle ni ba, "In na yi shiru, yana nan ƙasa ke nan, ko?"

Ka ji fa. Ashe tun ranar da ka tafi makarantar nan, in jirgi ya wuce sama sai ta shige ɗaki, Bilki ce ta faɗa mini. Na ce mata eh, yana ƙasa, a bayan motar Mu'azu yana ɗaure buhu, kina ganinsa kullum yana mutuwa a tsaye. Na yi mata faɗa sosai, na faɗi wanda ya kamata da wanda bai kamata ba, na taho ina cewa na ɓata.

Ranar Laraba ina fasa ƙwai sai ga ta tsaye bakin rumfa da mayafin zuwa biki. Ta ce sharaɗinta ɗaya, kar ka sani, kar kuma kana nan, in ta gan ka bakinta ba zai buɗe ba. Na ce ai Alhamis kana Kano, muka kama hanyar Zariya. Shi ya sa ko da muka shiga Katsina waya ta kama ban kira ka ba, tana zaune a gefena tana gadin hannuna.

Likitarka ƙarama ce ashe, ban san sa'ar ɗiyar cikina ce ta tsorata ni a waya ba. Na fara ba ta haƙuri, ta ce ya wuce. Sannan ta ce, "Mama Lantana, ki koma kujerar baya. Ko tari kika yi zan fitar da ke." Ni Lantana! Na koma na kama bakina da hannu.

Ta ce wa Salmatu, "Ke kika haife shi?" Shiru. Ta sake. Shiru, tana ta murza bakin mayafi. Na ce shi ke nan, mun yi asarar tafiya. Likita ba ta matsa ba, ta ce, "To bar wannan. Shekarar baƙon dauro a Magama, kina ina?"

Zunnu, sai ga magana. Abin da ni kaina na manta, don hankalina a lokacin na kan Hajo. Ta ce da labari ya kai Bugaje ta taho a ƙasa, da tsohon cikin Bilki, ta ce wa mutanen gida Hajo za ta dubo. Ta ce ni ina riƙe da Hajo, ba mai riƙe da ɗayan, sai ta ɗauke shi, tana addu'a kar wani ya shigo ya gan ta. Ta ce zafin jikinsa har ta cikin zane take ji. A kan cinyarta ya sandare. Likita ta ce ya daɗe? Ta ce bai kai tsawon alwala ba. Ta ce ita ta riƙe kan da wanzami ya zo, da ya farfaɗo ta ajiye shi ta koma bakin ƙofa kafin maza su shigo. Likita ta tambayi tazarar da ke tsakaninka da Bilki, ta lissafa da yatsu, ta gyaɗa kai. Ta ce bayan ya koma gida fa, ya taɓa yi? Salmatu ta ce, "Ko sau ɗaya. Ba na kallonsa a gaban mutane, amma ba daren da ban leƙa shi ba."

Ni dai a baya mayafina ya jiƙe, kuma ban yi tari ba.

Likita ta ɗaga waya ta kira Kano, ta yi turancinta, ta ajiye. Ta ce gwajinka ya fito lafiya. Ta jawo takardar ta ɗauki biro. Ka je ranar Litinin da sassafe ka karɓa, ta ce da kanta za ta kai sunanka. Ka kwance kwalin nan, Mu'azu ya nemi wani.

Saura abu ɗaya, shi ya sa na ce kar ka tsallake. Kafin ta sa hannu ta ce, "Mama, tun ɗazu yaron nan kike cewa. Yara sun yi yawa a makarantar nan. Dole in rubuta wanda kika ba da shaida a kansa, kuma daga bakinki." Na ce a raina, yarinya kin ɓata, nan za ta tashi. Salmatu ta juya ta kalli ƙofa, ta tabbata a rufe take.

A mota ta ce in na gaya maka ba ta yafe ba. To ga shi na gaya maka, ni da ita mu ƙarata. In ka zo gaishe ta bango za ta kalla kamar kullum, kar ka tsaya jiran wani abu, kar kuma ka nuna ka sani. Amma ni na ji da kunnena, kai kana can Kano da wayoyi a ka. Sau biyu ta faɗi sunanka. Na farkon ta faɗa wa likita. Na biyun a hankali ta faɗe shi, likita ta riga ta gama rubutawa.

Allah ya tsare hawanka da saukarka.

Innarka,
Lantana